Yadda Ake Zaɓar Manhajar Koyon Tuƙin Jirgin Sama A Gida

Ranar wata Asabar bayan la'asar ina zaune a shagona a Nima, cikin Accra, na buɗe cikin wata kwamfuta ina kakkaɓe mata ƙura, sai ga ɗan yayata ya yi sallama, waya a hannu, jakar laftof a kafaɗa. Bai ko zauna ba ya miƙo mini wayar. Bidiyo ne na wani Bature yana sauke Boeing cikin ruwan sama, fitilun titin jirgi suna ƙyalli a kan kwalta, sai ka rantse jirgin gaske ne.

"Kawu, wannan nake so ka sa mini. Na riga na faɗa wa Mama, tuƙin jirgi zan karanta."

Na ce, "Allah ya cika buri. Miƙo akwatin naka mu gani."

Laftof ce irin ta ofis, ta hannu, RAM ɗinta 4GB, ba ta da katin hoto nata na kanta. Na ce masa wannan ko bidiyon da ya nuna mini da ƙyar take kunnawa, balle ta ɗauki jirgin. Ransa ya ɓaci, amma ya ja benci ya zauna. Abin da na faɗa masa a ranar shi nake faɗa wa duk wanda ya zo da irin wannan tambaya: sunan manhaja shi ne abu na ƙarshe da za ka yanke. Kafin ka kai can akwai niyyarka, akwai kwamfutarka, akwai data da wuta. Mu nan Zango, waɗannan ukun su ke zaɓar maka manhaja, ko ka so ko ka ƙi.

Ni ba matuƙi ba ne, gyaran kwamfuta ne sana'ata. Amma na daɗe ina wannan harka a ɗaki, kuma sau ɗaya an taɓa sakar mini sitiyarin ƙaramin jirgi na gaske na kusan minti 20, malami yana gefena. Wannan minti 20 ɗin ya gyara mini fahimta ƙwarai, zan zo kansa.

Da farko: me kake nema?

Masu zuwa wurina kashi uku ne. Akwai mai son yawo, ya ga gari daga sama, ya bi gaɓar teku daga Accra zuwa Takoradi da yamma don ya huce gajiya. Akwai mai son manyan jirage, ya zauna gaban maɓallan Airbus ya bi ƙa'ida tun daga kunna batir har kashe inji a Kano. Sai kuma irin ɗan yayata, mai shirin shiga makarantar tuƙi. Kowannensu da abin da ya dace da shi, kuma na ukun ne ya fi saurin yin asara idan ya bi zaɓin na farko.

Idan kai ne na ukun, ka riƙe wannan tun yanzu: awoyin da ka yi a ɗaki ba sa shiga littafin awoyin matuƙi. Ko awa 1,000 ka yi, ranar da ka shiga makaranta daga sifili za ka fara. Lasisin farko na matuƙi mai zaman kansa yana buƙatar aƙalla awa 40 a Amurka, 45 a tsarin Turai, kuma abin da ake yarda a ƙirga na kwaikwayo sai wanda aka yi a kan na'urar da hukuma ta tantance, malami yana zaune yana sa hannu. Mu nan hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Gana, GCAA, ita ke da maganar lasisi, ita za ka tambaya. Kuma kafin ka kashe sidi ɗaya a kan sandar tuƙi, je ka nemi likitan da hukumar ta amince da shi ya duba idonka, musamman rarrabe launi, da ji da zuciya. Wanda zai yi tuƙin sana'a sai da takardar lafiya mai daraja ta ɗaya. Gara ka san matsayinka tun kuɗin iyayenka suna aljihunsu.

To me manhajar gida za ta ba ka? Za ta saba maka da agogunan jirgi har ka riƙa karanta su kamar yadda kake karanta agogon hannu. Za ta koya maka bin jerin dubawa, karanta taswira, lissafin hanya da iska, da maganar rediyo. Waɗannan su ne abubuwan da ɗalibi ke ɓata awoyi masu tsada yana koya a sama, injin yana cin mai, malami yana cin kuɗinsa.

Na biyu: buɗe cikin kwamfutarka

Idan Windows gare ka, danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta dxdiag, ka danna Enter. Shafin farko zai nuna maka RAM da irin furosesa. Shafin hoto zai nuna sunan katin hoto da yawan ma'ajiyarsa. Ɗauki biro ka rubuta su, don da wannan takardar za ka auna komai.

Idan sunan da ka gani Intel UHD ne ko makamancinsa, wato hoton daga cikin furosesa yake fitowa, to ka cire ranka daga manyan manhajoji guda biyu. Microsoft Flight Simulator na 2020 mafi ƙarancin abin da yake nema shi ne RAM 8GB da katin hoto mai 2GB, da wurin ajiya kusan 150GB. Na 2024 ya ɗaga zuwa RAM 16GB da katin hoto mai 4GB. X-Plane 12 shi ma daga RAM 8GB da kati mai 2GB yake farawa. Amma kada wannan "mafi ƙaranci" ya yaudare ka. Ma'anarsa manhajar za ta buɗe, ba wai za ka ji daɗinta ba. Ni abin da nake cewa mutum ya nema shi ne RAM 16GB, kati mai 6GB ko 8GB, da faifan SSD. Abin da kake farauta shi ne hoto 30 a kowace daƙiƙa ba tare da sarƙewa ba. Idan hoto yana tsalle lokacin da kake dab da taɓa ƙasa, babu abin da za ka koya sai zagin kwamfuta.

Mai Mac ya sani cewa manhajar Microsoft ba ta hawa kanta. X-Plane da FlightGear kuwa suna aiki a Windows da Mac da Linux.

Idan ta hannu za ka saya, ko a Tip Toe Lane da ke Circle, ko a Adum ga mutanen Kumasi, ko a hannun wani da ka gani a Jiji, kada ka yarda da gwajin kunnawa da kashewa. Tafi da X-Plane na gwaji a cikin faifan waje, ka kunna shi a gaban mai kaya, ka bar jirgi yana tafiya minti 15. Katin da ya gaji a nan yake tona kansa: fanka za ta yi ihu, hoto ya fara zane-zane, ko kwamfutar ta mutu. Mai kayan da ya hana ka wannan gwaji ya riga ya ba ka amsa.

Akwai wata hanya mai sauƙin kuɗi ga mai yawo: Xbox Series S tana ɗaukar manhajar Microsoft. Sai dai ba kowace sanda ce ke aiki da ita ba, sai wadda aka yi domin Xbox, kuma ba za ka iya ɗora mata ƙananan manhajojin waje da ɗalibi ke buƙata ba. Ga mai shirin makaranta ba na ba da shawararta.

Na uku: data da wuta, inda maganar take

A nan masu bidiyon ƙasashen waje ba za su taimake ka ba, don su ba su san ana ƙirga data ba.

Manhajar Microsoft tana da kyau ne saboda duniyar da kake gani ba a cikin kwamfutarka take ba. Hotunan tauraron ɗan Adam na Bing take jawowa ta intanet kana cikin tafiya. Na 2020 sai ka fara sauke abu sama da 100GB kafin ka ga jirgi, sannan ya ci gaba da jan data kana tashi. Na 2024 ya rage nauyin saukewar farko, amma ya ƙara dogaro da intanet, har jirage da filaye daga can suke zuwa; mafi ƙarancin gudun da aka rubuta masa 10Mbps ne, wanda aka fi so 50Mbps. Idan kana da faiba a gida ko Starlink, wanda ya shigo Gana a 2024, to bismillah. Idan da wayarka kake ba kwamfuta intanet, ka yi tunani sau biyu.

Na faɗi haka ne don na taɓa ƙonewa. Na sayi datar dare, na sa saukewa, na ce bari in ɗan kishingiɗa. Ban farka ba sai da aka kira asuba. Datar dare ta ƙare tun tuni, kwamfuta ta juya kan ta wata ta cinye tas, kuma saukewar ko rabi ba ta kai ba. Ina tsaye ina kallon allo aka ɗauke wuta. Laifina ne, ba na kowa ba, amma ranar ko kokon safe bai shiga ba.

Idan duk da haka ita kake so, shiga saitin data a cikinta. A na 2020 akwai wurin da za ka ga nawa ta ci, ka sa mata iyaka, ka kashe gine-ginen da aka ɗauko daga hoton sama, ka kuma ware mata ma'ajiya a faifai don wurin da ka taɓa bi kada ta sake jawo shi. Mai yin atisaye a fili ɗaya kullum wannan ma'ajiyar tana rage masa asara sosai.

X-Plane tsarinsa daban ne. Lokacin sakawa zai nuna maka taswirar duniya a yanke gida-gida, ka zaɓi yankin da kake so kawai. Zaɓi Afirka ta Yamma ka bar sauran. Bayan nan yana tashi ba tare da intanet ba, sai lokaci-lokaci da zai leƙa ya tabbatar da lambar sayenka, ko idan ka ce ya kawo maka yanayin sama na gaske. Kuma duk kayansa a jaka ɗaya suke zaune, ana iya kwafe ta a faifan waje. Wato idan abokinka ya riga ya sauke, sai ka kwafa ka sa lambarka da ka saya da kuɗinka.

Sai wuta. Laftof tana da batir, dumsor, wato ɗauke wuta, ba zai kashe maka ita nan take ba. Ta tebur kuwa sai da UPS, ba don ka ci gaba da tashi ba, don ka samu mintunan kashe ta lafiya. Kwamfuta mai katin hoto tana iya jan wat 300 zuwa 400 idan tana aiki sosai. Idan gidan haya kuke mai mita ɗaya, yi magana da mutanen gida tun kafin kati ya fara ƙarewa da wuri a fara kallonka. Da hunturu kuma ka riƙa buɗe ta kana hure ƙura, don zafi da ƙura su ke kashe katin hoto a ɗakunanmu masu rufin kwano.

Na huɗu: su manhajojin

X-Plane na kamfanin Laminar Research ne a Amurka, Austin Meyer ya ƙirƙiro shi, na 12 ya fito a 2022. Yadda yake lissafin tashi shi ya ba shi suna: yana yanka fiffike da farfela gunduwa-gunduwa, ya lissafa ƙarfin iska a kan kowace gunduwa sau da yawa a daƙiƙa, daga nan motsin jirgi ke fitowa. Yana zuwa da ƙaramin jirgin koyo Cessna 172 iri biyu, mai agoguna zagaye da mai allon Garmin G1000. Yana da wurin lalata abu da gangan, ka ce inji ya mutu bayan minti kaza ko agogon gudu ya toshe. Yana kuma maimaita maka abin da ka yi, ka fita waje ka kalli saukarka kamar mai kallon ƙwallo. Ƙasarsa ba ta kai ta Microsoft kama da gaske ba. Za ka ga hanyoyi da gaɓar teku a inda suke, amma unguwanni na kowa da kowa ne.

Microsoft Flight Simulator tsoho ne, tun 1982 ake yin sa. Na 2020 kamfanin Asobo na Faransa ya gina shi, na 2024 ya fito a watan Nuwamba na shekarar, da tsarin aiki inda kake hawa mataki-mataki kana karɓar ayyuka. Ƙarfinsa shi ne ido. Kana tashi za ka gane babbar hanyar Tema, ka gane tafkin Volta da madatsar Akosombo. Ga mai koyon bin hanya da alamomin ƙasa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma kada ka sa ran ganin gidanku da fentinsa. Gine-ginen namu na'ura ce ke ƙiyasta su daga hoton sama. Ka lura kuma, a na 2020 mai ƙaramin farashi Cessna 152 ce ke da agoguna zagaye, 172 ɗin mai allo ce.

FlightGear kyauta ne, masu sa kai ke gina shi tun 1997. Fuskarsa ba ta da kwalliya, saitinsa yana son haƙuri, kuma mutane suna raina shi saboda haka. Amma Cessna 172 ɗinsa an yi mata aiki na gaske, sai ka bi ƙa'idar tayar da inji kafin ta tashi, kuma idan ka rage saitin hoto yana tafiya a kwamfutar da sauran biyun ba za su ko gaishe ta ba. Shi na sa wa ɗan yayata bayan mun ƙara wa laftof ɗinsa RAM.

Sauran a gurguje. Prepar3D na Lockheed Martin ne, an fi yin sa domin horo, sabon shiga ba shi da abin nema a can. DCS World na jiragen yaƙi ne. Infinite Flight da X-Plane na waya suna da daɗi a cikin trotro, wato motar haya, za su koya maka sunayen abubuwa, ba za su koya maka hannu ba.

Hukuncina, kuma na san akwai masu musu: ɗalibi mai ƙirga data ya ɗauki X-Plane. Mai yawo da ke da intanet marar iyaka ya ɗauki Microsoft. Wanda aljihunsa ko kwamfutarsa ba su kai ba ya fara da FlightGear yau, kada ya zauna jiran ranar da zai sayi babbar na'ura. Idan kuma ka riga ka san makarantar da za ka, tambaye su jirgin da suke koyarwa da shi, Cessna ne ko Piper ko Diamond, mai agoguna ne ko mai allo, sai ka bi manhajar da ke da irinsa.

Na biyar: ɗanɗana kafin ka biya

X-Plane yana da na gwaji kyauta a shafinsa, cikakkiyar manhajar ce amma a yanki ƙarami, kuma bayan minti 15 sanda ta daina amsawa sai ka sake kunnawa. Ya ishe ka sanin ko kwamfutarka za ta iya. Ta Microsoft tana cikin Game Pass, tsarin hayar wasanni na wata-wata, sai ka biya wata ɗaya ka gwada. A Steam, shagon sayar da wasanni na intanet, ana mayar da kuɗi idan ba a wuce kwana 14 ba kuma ba ka yi awa 2 a ciki ba. Ka kula, idan manhajar tana buɗe tana sauke kayanta, agogon nan yana iya tafiya.

Farashin manyan biyun yana tsakanin dala 60 zuwa 80 ga mafi ƙanƙantar fakiti, kuma da katin banki ake biya, don haka tambayi bankinka ko katinka yana sayayyar waje da nawa suke canjin dala. Ana yin rangwame a Steam lokaci-lokaci, jira ba laifi ba ne. Kada ka sayi babban fakiti mai jirage da yawa, ɗaya za ka tuƙa. Wanda kuma ya ce zai sa maka "fasasshe" a kan sidi kaɗan, ko ya sayar maka da asusun da mutum goma ke amfani da shi, bar shi da kayansa. Rabin kwamfutocin da ake kawo mini da ciwo daga irin wannan arahar suka kamu.

Na shida: abin riƙewa

Da madannai ba a koyon tuƙi. Maɓalli ko dai a danne yake ko a sake, shi kuwa jirgi ɗan taɓi yake so. Ko abin wasan Xbox ya fi madannai. Mafari mai kyau shi ne sanda mai murɗawa da ɗan totur a gindinta, irin Logitech Extreme 3D Pro ko Thrustmaster T.16000M. Sitiyari irin na Cessna, kamar Honeycomb Alpha, yana da daɗi amma da tsada, kuma ba shi ne na biyu a layi ba. Idan kuɗi ya samu, fedar ƙafa za ka fara saya. Jirgi mai farfela ɗaya yana janyewa hagu idan ka ba shi wuta, da ƙafar dama ake tare shi, da ƙafa kuma ake juya shi a ƙasa. Wanda ya saba da murɗa hannu zai je jirgin gaske ƙafafunsa suna barci. Duk kayan nan ta USB suke shan wuta, don haka idan ɗan'uwa zai taho maka da su daga Amurka ko Jamus babu matsalar bambancin lantarki.

Bayan ka haɗa, shiga saiti ka daidaita sandar, ka kai ta ƙarshen kowane ɓangare, ka ware maɓalli biyu a ƙarƙashin babban yatsa domin tirim, wato abin da ke sauke maka nauyin riƙe hancin jirgi. Sannan ka kashe duk taimakon da manhaja ke yi maka a ɓoye, musamman mai taka maka feda.

Na bakwai: jirgi ɗaya, fili ɗaya

A wurin neman fili rubuta DGAA, lambar filin jirgin Accra ke nan. Kada ka rubuta Ankara yadda kakanninmu ke kiran garin nan, sai ka tsinci kanka a Turkiyya. Kumasi DGSI ne, Tamale DGLE, Kano DNKN. Titin Accra ɗaya ne mai lamba 03 da 21. Lambar tana nufin inda hancinka ke kallo a kamfas idan ka ƙara sifili: 21 wajen digiri 210 ke nan, kudu maso yamma, ta wajen teku. Da yake iskarmu yawanci daga can take busowa, kuma jirgi yana tashi yana sauka ne yana fuskantar iska, shi ya sa kake ganin jirage suna gangarowa ta saman East Legon. Wani sauƙi da muka samu: agogon jiragen sama na duniya, wanda ake kira Zulu, daidai yake da agogon Gana, ba ƙari ba ragi.

Ɗauki Cessna 172, rana tsaka, ba iska. Tura totur duka, riƙe layin tsakiya da ƙafa, a gudun not 55 (not shi ne mil ɗaya na teku a awa) ka ɗan ja hanci, ka hau da wajen 75. Filin Accra yana kusan ƙafa 200 sama da teku, don haka ka daidaita a 1,200, ƙafa 1,000 ke nan sama da ƙasa. Juya hagu, sake juyawa hagu ka bi gefen titin kana kallonsa ta taga, rage wuta, sauke filaf, wato leɓen bayan fiffike, mataki-mataki, juya sau biyu ka fuskanci titin da gudun 65. Fitilu huɗu na gefen titi za su gaya maka gaskiya: biyu fari biyu ja kana daidai, duka fari ka yi sama, duka ja ka yi ƙasa. Idan abin bai daidaita ba, ba shi wuta ka sake zagayowa. Saba wa kanka da wannan tun a ɗaki, ba abin kunya ba ne. Yi wannan zagaye har ya gundure ka, kana kallon maimaici bayan kowace sauka.

Yanzu ga minti 20 ɗina. Da malamin ya ce na riƙe, sai na kafa ido a kan agoguna kamar yadda na saba, ina bin allura, jirgi yana hawa yana sauka kamar kwalekwale. Ya ɗauko takarda ya rufe agogunan, ya ce, "Malam, dubi waje. Ga inda sama ta haɗu da ƙasa, ajiye hancinka a nan." Nan take jirgin ya natsu. Na kuma ji abin da ɗaki bai taɓa ba ni ba: nauyin sitiyari a hannu, kujera tana turo ni idan mun juya, cikina yana faɗa mini mun nutsa kafin allura ta motsa. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Don haka a gida ka tilasta wa idonka zama a waje, agogo leƙe kawai. Idan kana da kyamarar kwamfuta, OpenTrack kyauta ne, yana sa hoton ya bi juyin kanka.

Inda ɗaki ya fi ƙarfi shi ne tuƙi da agoguna zalla. Shiga saitin yanayi ka rage nisan gani zuwa kilomita 2 ko 3, irin hazon Janairu da ke sa a jinkirta jiragen Tamale, ka ga yadda duniya ke ɓacewa. Amma wannan sai bayan malami ya nuna maka yadda ake zagaya ido a kan agogunan, don gyaran mugun sabo ya fi koyon sabon abu tsada.

Na takwas: baki

Turanci ne harshen rediyon jirage, kuma matuƙin da zai ƙetare iyaka sai ya kai mataki na 4 a ma'aunin hukumar ICAO. Turancin makaranta ba shi ne matsalarmu a Gana ba. Saurin maganar da tsarinta ne ke sa gwiwa ta yi sanyi. Fara da haddace haruffa, Alfa, Bravo, Charlie, har ka iya faɗin DGSI a matsayin Delta Golf Sierra India ba tare da tunani ba. Daga nan ka yi rajista a VATSIM ko IVAO, dukansu kyauta, inda mutane na gaske ke zama a matsayin masu hasumiya. A VATSIM mai X-Plane yana haɗawa da xPilot, mai Microsoft da vPilot. Makon farko kada ka tashi. Ajiye jirginka a wurin fakin, ba a kan titi ba, ka saurara kana rubuta abin da ake faɗa. Ba kullum ake samun mai hasumiya a Accra ba, duba taswirarsu ka ga inda ake da mutane. Maganar murya ba ta cin data sosai.

Don tsara hanya, Little Navmap kyauta ne, SimBrief ma haka ga masu manyan jirage. Masu son Airbus a manhajar Microsoft akwai A32NX na FlyByWire kyauta, masu X-Plane akwai Zibo 737. Na ambace su ne don na san za a tambaya, ba don ɗalibi ya taɓa su a watanninsa na farko ba.

Tafiyar farko da nake ba kowa ita ce Accra zuwa Kumasi. Mil 108 ne na teku, kusan kilomita 200, awa ɗaya a Cessna. Kashe taswirar GPS. Bayan ka tashi ka juya wajen digiri 310, ka hau ƙafa 4,500, ka duba agogo ka rubuta lokaci. Nsawam za ta wuce ta damanka, can gaba duwatsun Atewa su ma a dama. Idan ka yi kusan minti 50 fara leƙen hagu: tafkin Bosomtwe zai bayyana, zagaye kamar an kifa ƙwarya an ɗauke. Ganinsa na nufin saura kaɗan, fara gangarowa. Filin Prempeh I na Kumasi ya fi na Accra tudu, yana sama da ƙafa 900, don haka zagayenka a wajen 1,900 zai kasance, titinsa kuma 02 da 20.

Ɗan yayata ya yi wannan tafiya a shagona bayan sati uku yana zagaye. Ya ga tafkin a kan lokaci har ya yi kabbara, sannan murna ta sa ya manta da rage gudu, ya shigo titin 20 da not 85. Jirgin ya taɓa ƙasa ya yi tsalle, ya sake taɓawa ya sake tsalle, a na uku ya zauna can gefen layi. Ana ta kiran magariba a masallacin bayanmu.

"Kawu, bari in sake ɗaya."

Na ce, "Tashi mu yi alwala. In mun dawo ka fara kallon maimaicin tukuna."